Shukar Ranar Katoz

Wan mijina tsohon soja ne. Ya yi wa Faransa yaƙi a wata ƙasa da shi kansa bai iya faɗin sunanta ba, ya dawo Madarunfa da lambobi a ƙirji da tari a huhu, ya zauna yana ba mutane umarni. Bai taɓa noma abin da zai cika kwando ba. Amma idan watan bakwai na Turawa ya kama, sai ka gan shi a ƙofar gida yana goge lambobin nan da toka, yana jiran sallar Nasara ta sha huɗu ga wata da suke kira katoz, kamar ubansa ne ya bar masa ita gado.

Shekarar da nake magana, bayan yaƙin Jamus ne kaɗan. Damina ta yi mana wasa da hankali. Ruwan farko ya sauka, muka yi shuka, gero ya fito kore shar, sai sama ta rufe bakinta har ya ƙone ƙurmus. Irin da ya rage mana ƙwarya ɗaya ce, surukata ta ɓoye ta a ƙarƙashin gadonta don kada yunwa ta sa mu daka. Ni kuma ina da tsohon ciki, na biyu, don na farko bai zauna ba. Kowa a gidan ya san lissafin: idan ƙwaryar nan ba ta shiga ƙasa mai laima ba, ba mu da abincin shekara.

Sai muka wayi gari da ruwa mai yawa, har tafki ya motsa. Ranar kuwa ita ce katoz.

Wanda bai san jigawar ƙasarmu ba ba zai gane gaggawar ba. Rairayi ne, yana shan ruwa da safe, gobe war haka ya manta. Shuka kuma aikin mutum biyu ce: namiji a gaba da sungumi, wato doguwar fartanyar sara rami, mace a baya tana jefa iri tana rufewa da diddige. Maigida ya riga ya saɓa sunguminsa, ni na ɗauki ƙwarya, sai ga wan nasa a bakin zaure, ya sha kakinsa da ya koɗe, lambobi na ƙara.

An ce kowane gari ya tura maza Maraɗi su yi wasa a gaban kumandan, Baturen mulki. Mai gari ya riga ya tara nasa, zauna-gari-banza da ba su da gona. Maƙwabtanmu Arna tun da asuba suka kora samarinsu daji da iri, duk wanda ya tambaya a ce ba sa nan. Ba wanda ya nemi mijina. Wansa ne ya je can ya cika baki cewa yana da ƙane wanda ba a yi mai hawan kuka kamarsa ba, kuma bai son ya ji kunya a gaban tsoffin abokan bariki.

Surukata ta roƙe shi ya bari a gama gona. Ya dube ta ya ce, “Inna, wagga rana ba ta gero ba ce. Rana ce da duniya duka ta san da ita. Gona ba ta gudu.”

Maigida mutum ne mai kunyar na gaba. Ya jingine sungumin a bango, bai dube ni ba, ya bi shi. Na ji haushin wan, na ji haushin ƙanen, kuma har yau ban san wanne ya fi ba.

Na ɗauki sungumin da kaina. Inna ta biyo ni da ƙwarya, tsohuwa da ciwon gwiwa. Ina sara, ciki na riga ni gaba, ita tana jefawa tana bismilla. Mun ci kusan sulusin gonar lokacin da rana ta take, sai na ji baya ya amsa. Na daure, na ƙara layi ɗaya, na biyun ban kai ƙarshensa ba. Itacen da ke gonar gawo ne, shi kuma da damina ba ya da ganye, don haka a tsakiyar rana na durƙusa. Inna ta yanke cibiya da ɓawon kara, ta kwance ɗankwalinta ta naɗe jaririyar. Mace ce. Ina kwance ina kallon sauran gonar tana fari a idona.

A daidai lokacin nan, kamar yadda maigida ya ba ni labari daga baya da kai a ƙasa, an kafa wani dogon itace a filin Maraɗi, an shafe shi da man gyaɗa tun daga gindi, an rataya tarkace a sama. Man gyaɗa, a shekarar da miyarmu ba ta ga ɗigo ba. Magidanta masu gemu suna kamawa suna sulɓowa, wasu an sa su a buhu suna tsalle kamar kwaɗi, matan Nasara a ƙarƙashin rumfa suna dariya har da share hawaye. Mijina ya kai sama. Ya sauko da wani ɗan madubi da bai kai tafin hannu ba. Sa'an nan aka tsare su su kwance rumfuna su share fili, domin ai sallar masu gari ba ta ƙarewa sai talaka ya kwashe shara.

Da suka dawo washegari, ƙasa ta bushe ƙayau. Wan mijina ya shigo yana murna, wai yarinyar ta yi goshi, ta zo ranar da Faransa ta samu kanta, ranar manyan mutane. Ya ce duk inda ta shiga za ta iya faɗin ranar haihuwarta kamar ɗiyar Bature. Ina ɗaki, ba ya halatta in ɗaga masa murya, amma na ɗaga.

“A tambai mai,” na ce wa Inna, “Faransa ta aiko da hatsin suna, ko mu daka madubin?”

Maigida ya binne sauran irin a busasshiyar ƙasa. Ruwa ya daɗe bai dawo ba, tururuwa da zabin daji suka yi rabonsu. Sulusin da muka shuka ni da tsohuwa shi kaɗai ya yi kai, kuma daga cikinsa ake zuba wa mai lambobi kwanonsa safe da yamma, bai taɓa tambayar inda ya fito ba.

Kafin sanyi ya wuce, muna jin ƙasan rumbu. Maigida ya ɗaure tabarmarsa, ya ce zai gangara Katsina cin rani, ya dawo kafin ruwan fari. Ya ɗauki yarinyar, ya daɗe yana kallonta, abin da bai saba yi a gaban uwarsa ba. Ruwan fari ya zo, na bayansa ma ya zo. Wani ya ce ya gan shi wajen Kano yana dako, wani ya ce zazzaɓi ne a hanya. Ba wanda ya kawo mana ko takalminsa.

Maganar wan mijina ta tabbata, ban hana masa wannan ba. Da aka buɗe lakwal, wato makarantar boko, a cikin sa'o'inta duka ɗiyata ce kaɗai ta faɗi ranar da aka haife ta, malamin har ya yaba. Da ta dawo gida ta zauna kusa da murhu, ta tambaye ni ko ubanta dogo ne ko gajere.