Ƙarar da Goggo Zelinda ta Kai Shugaban Ƙasa

A jamhuriyarmu shugabanci wata shida ne, kuma mutum biyu ake naɗawa, ɗan birni da ɗan ƙauye, don kada ɗaya ya ɗauka shi wani abu ne. Ƙasar ma gaba ɗayanta dutse guda ce. In ka yi tuntuɓe da kyau, a ƙasar maƙwabta za a tsince ka.

Goggo Zelinda, ƙanwar mahaifina, ta auri Ermete ba don kyansa ba, don babu shi. Ta ce ya iya gyaran inabi kuma ba ya surutu. Shekara ashirin da biyu suka yi a gona, suka aurar da 'ya'ya uku, sai kwatsam ƙuri'ar majalisa ta faɗa kansa. Aka sa masa baƙar alkyabba da takobin da ko albasa ba ya yankawa, aka haye da shi fada.

Dokarmu ta hana shugaba taɓa aikin hannu, ta kuma hana shi fita ba masu gadi. Matarsa kuwa dokar ba ta san da ita ba. Goggo ta ci gaba da zama da saniyarta.

Da wa'adi ya cika, Ermete ya dawo da hannu lukui da baki cike da magana. Ya ce an yi masa alkawarin kujerar dindindin a birni, zai sayar da gona, ita kuma ta koyi sa hular matan manya. Goggo ta ji tsoro, ba ta ɓoye mini ba. Ta ce mutumin da ta aura bai gama dawowa ba, in ya sake hawa dutsen nan ta rasa shi ke nan.

To, muna da al'ada: cikin kwana uku bayan shugaba ya sauka, duk mai ƙara a kansa ya kawo, in ta tabbata ba ya sake riƙe muƙami. Yawanci alƙalai gyangyaɗi suke yi. Rana ta uku Goggo ta sa kayanta na coci ta hau zuwa zauren alƙalai, ni ma na bi don kada a ba ni labari.

Babban alƙalin ya ce, “Zelinda, nan ba wurin rigimar gida ba ne.”

“Ranka ya daɗe, ba mijina na kawo ƙara ba, shugaba na kawo.”

Ta ce a watan Agusta zazzaɓi ya kayar da ita. Kullum da tsakar rana, masu gadi na sharar barci, sai shugaban ƙasa ya sulalo gona shi kaɗai, ya rataye alkyabba a bishiyar ɓaure, ya tatse saniya, ya dafa miyar wake mai gishiri kamar ruwan teku, ya wanke mata kaya. Kwana tara yana karya doka.

Zauren ya fashe da dariya. Ermete yana zaune a gaba, kunnuwansa jawur.

Alƙali ya tambaye ta shaida. Ta ce daga ita sai saniya.

“To, Ermete, maganarka ce a kan tata. Ka ce ba a yi ba, mu tashi.”

Kalma ɗaya, kujerar birni tasa ce, Goggo kuma ta zama maƙaryaciya a gaban ƙasa. Ermete ya daɗe yana kallonta, sannan ya miƙe.

“Ranka ya daɗe, ba daidai ta faɗa ba.”

Goggo ta sunkuyar da kai.

“Kwana goma sha ɗaya ne. Biyun farko ba ta cikin hayyacinta.”

Aka rubuta hukunci: ba shi ba muƙami har abada. A hanyar gangarowa, da muka zo inda duwatsun ke da santsi, ya miƙa mata hannu.