Ba Kowane Bature Ne Ɗan Ingila Ba

Ko na manta duk wahalar da na sha wajen neman aiki, ba zan taɓa manta wata Talata da wani tsoho ya hana ni kunyata kaina ba.

Shekarata biyu da gama jami'a, ina zaune a gida a unguwar New Bell ta birnin Duwala ina taya Inna ƙulla zoɓo, sai wata makarantar kuɗi a unguwar Ndogbong ta nemi mai koyar da tarihi. Gurbi ɗaya, mu biyar. Aka ba kowa darasin da zai koyar a gaban kwamiti ranar Alhamis. Nawa shi ne in kwatanta rayuwar masana a Ingila da Sikotland a ƙarni na sha takwas, wanda Turawa ke kira Zamanin Wayewa. Mu kuwa a makaranta masanan Faransa aka ɗura mana. Na ce wannan ai neman magana ne, Sikotland ɗin ba wani lardi ne na Ingila ba? Na haɗa su duka na kira su Angile, wato 'yan Ingila da Faransanci.

Da la'asar na tsaya a tsakar gida ina gwaji da Faransanci, murya sama. Maƙwabcinmu, wani tsoho Babarbare da muke ce wa Baba, wanda ya yi ritaya daga tashar jiragen ruwa, yana kan bencinsa a bakin ƙofa. Innata Bafulatana ce, don haka tun ina ƙarama baiwarsa yake kirana, ni ma ba na raga masa. Ya saurara ya saurara, sai ya yi tsaki.

"Baiwata, in wannan za ki kai musu, gara ki koma kan zoɓonki."

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce masa shi jirgi ya sani, ya bar tarihi ga masu shi. Bai kula rashin kunyata ba. Ya ce ya yi shekaru ƙarƙashin wani injiniya ɗan Sikotland, mutum mai sanyin hali, amma ranar da ka ce masa Angile ka taɓo tsuliyar dodo. Shi ya gaya masa sarkinsu ɗaya da Ingila, amma cocinsu daban, shari'arsu daban, makarantunsu daban.

"Ni ma tun zuwana garin nan Hausa ake ce mini. Na zama Bahaushe? Uwarki fa?"

Gari na wayewa na hau babur zuwa wani ɗakin karatu a Akwa, na yini ko ruwa ban sha ba. Ashe tsohon nan ne da gaskiya. A Sikotland yawancin masanan malaman jami'a ne, da lauyoyi da likitoci da limaman coci, a 'yan garuruwa ƙalilan, kowa ya san kowa, suna haɗuwa a ƙungiyoyinsu su yi ta musu. Karatun jami'a da sauƙi, har ɗan manomi kan samu shiga. A Ingila kuwa tsofaffin jami'o'in sun yi nauyin barci, ba a ba wanda ba ɗan cocin gwamnati ba digiri, sai tunani ya koma gidajen shan kofi na Landan, da wajen masu buga littattafai da masu masana'antu. Abin da ya fi taɓa ni, manyan masanan Sikotland kunyar karin harshensu suke ji, har darasi suke ɗauka don su yi magana irin ta Landan. Na tuna yadda nake murɗe baki a aji kada a ji Hausa a Faransancina.

Ranar Alhamis na tsaya gaban kwamiti na gabatar da darasina. Na gama, sai shugaban kwamitin ya ɗago gilashinsa ya tambaye ni yadda zan fahimtar da ɗan aji cewa mutanen nan biyu ne, alhali harshensu ɗaya. Na ce masa ya zo New Bell: duk mai hula da doguwar riga Hausa ne a bakin mutanen Duwala, amma in ka zauna da su za ka tarar da Bafulatani da Babarbare da Bahaushe, kowa da gidan da ya koyi karatu. Sai ya ce shi ma haka yake kiranmu tun tasowarsa. Ni aka ɗauka.

Na kai wa Baba goro na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya karɓa yana cewa baiwa ta san ubangidanta yau. Bai kai ƙarshen shekarar ba Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa. Har yau albarkacinsa nake ci.

Abin da na koya shi ne, kafin ka haɗa mutane ka raɗa musu suna ɗaya, ka tambaye su yadda suke kiran kansu. Kuma kada takardar jami'a ta sa ka ce wa tsoho ya yi shiru.