Ranar da Na Hana a Ja Ƙafar Kulu

A Gulma, idan kaka ta yi, kakarmu ba ta hura wuta don tatsuniya. Wutar turara shinkafa ce, mu kuma mu kewaye ta, ni da ƙanwata Kulu, muna tura itace. Sai tukunya ta kama tururi sannan ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan ta taso daga bakin gulbi." Mu ce ta ƙaraso mu ji ta.

Wadda ta zauna mini a rai ita ce ta mai rumbu. Wai wani mutum rumbunsa ya karkata. Kullum kazarsa tana gindin rumbun tana tono, shi kuwa sai ya jefe ta. Bai taɓa durƙusawa ya ga me take ci ba. Ya tara ƙartin gari su miƙar masa da rumbu. Ashe gara ta cinye itacen da ke ɗauke da shi daga ciki. Turawa ɗaya, rumbu ya zube, geron shekara ya bi ƙasa.

Kulu ta ce, "Kaka, to kazar hwa?"

"Kaza ta ƙoshi, 'yar nema! Ku dai ku ji: abin da yak karkata, a duba gindinai kahin a sa mai ƙarhi."

Mun girma, Kulu ta yi aure Argungu. Ciwon daji ya kama ta a nono, aka yanke, muka ce an rabu. A shekarun da jiharmu ke sabuwa, sai ta fara dafa kwankwaso. Na je na zauna ina kallonta. Ƙafar dama janta take yi, tulu ya gagare ta, kwanciya ma ba ta ba ta sauƙi. Ga rama.

Mijinta Malam Garba ya ce targaɗe ne, ya aika a kira maɗori daga Augie. Mutumin ya iso da karansa da tsumman ɗauri. Na shimfiɗa tabarmata a bakin ɗakin na zauna.

Malam Garba ya ce, "Yaya, ki ba mutum hanya."

Na ce, "Malam, yaushe ta hwaɗi?"

Ya yi wa maɗorin alama ya shiga.

"Targaɗe ba hwaɗuwa? Wallahi babu mai jan ƙahwag ga sai ya taka ni."

Ya ce mace ba ta yi masa iko a gidansa. Na ce ban zo iko ba, gadi na zo. A nan rana ta faɗi ta bar ni, maɗori ya koma da karansa.

Washegari na sa ta mota zuwa asibiti a Birnin Kebbi. Suka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya ce dajin ne ya gangaro, ya shiga ƙashin kwankwaso da naman da ke riƙe da shi. Ƙashin ya yi rauni ƙwarai. Ja ɗaya zai iya karya shi.

Da nakan ɗauka mai rumbu wawa ne. Yanzu na san tsoro ne ya hana shi durƙusawa, don wanda ya duba sai ya ga abin da ba ya son gani. Malam Garba yana son matarsa. Targaɗe yake roƙo, don targaɗe na warkewa.

Ban ceci ran Kulu ba, wannan ba nawa ba ne. Amma an ba ta maganin ciwo ta samu barci, kuma har makonta na ƙarshe da sandarta take kai kanta bayan gida, babu mai ɗaukarta. Malam Garba har yau gaisuwarsa gajera ce. In an maimaita, a bakin ƙofar nan zai sake samuna.