Ƙararrawar Oluwole

Duk wanda ya taɓa kai keke gyara a Bagudo ya san Oluwole, ko da bai riƙe sunan ba. Shi ne gajeren nan mai furfura da ke ƙarƙashin dalbejiya kusa da tasha, wanda ba ya sakin keke sai ya gyara masa ƙararrawa, ko mai shi ya nema ko bai nema ba. Mahaifinsa ya zo daga Ogbomosho da akwatin kayan gyara, ya zauna, ya hayayyafa, aka binne shi a nan. Shi kuwa a nan aka yanke masa cibi. Hausar Kabi ce a bakinsa tsantsa, Yarbanci sai ranar da matarsa Kikelomo ta taɓo shi. Mutumin kirki ne, ba a ja da wannan. Aibinsa ɗaya, tsoron abin da bai faru ba. In ya ga yaro a kan katanga, shi har ya hango karaya da mai ɗori.

Shekara da shekaru, da an gama yankan shinkafa, Oluwole kan rufe rumfarsa ya tafi yawon keke da abokansa uku. Lauwali masunci ne ya ƙirƙiro abin. An kai ƙanwarsa Batulu aure Madekali, cikin ƙasar Benin, da an wuce Lolo kaɗan, shi kuma ya ce ba mota ce za ta riƙa kai shi wurin 'yar uwarsa ba alhali yana da ƙafafu. Tochukwu mai kemis ya shiga don likita ya ce ya rage tumbi, tumbin kuma har yau yana nan. Arzika manomi suke ɗauka a hanya, a garinsu Lafagu. In sun kwana biyu gidan Batulu sai su miƙe Malanbil, su gangara Kandi, su zagayo gida ta Segbana, duk sun rame sun yi baƙi, suna rantsuwa ba su ƙara zuwa.

Tafiyar kanta ba wani abin a zo a gani ba ce. A tashi da sanyin safiya, a taka feda har rana ta take, a nemi inuwar mangwaro a jiƙa gari da ƙuli. Da yamma a yi wanka a gulbi, a shafa man zafi a cinya, a yi ta gardama kan wanda ya fi minshari, alhali kowa ya san Arzika ne. In Lahadi ta riske su a Illo, Oluwole da Tochukwu su shiga coci, sauran biyun su tsare kekuna. Ranar Juma'a sai a juya. Jami'an kan iyaka ma sun saba da su, da sun hango su sai su ce ga tsofaffin nan masu kekuna sun iso.

Kowa da wurinsa a jerin. Lauwali ne a gaba kullum, dogo, da damin busasshen kifi a kariyar bayan kekensa, tsarabar Batulu. Oluwole ne a ƙarshe da famfo da kayan faci, don in tayar wani ta sace ya tarar da shi. Kuma yana da wata ɗabi'a da ta ishi kowa: duk ramin da ya gani sai ya buga ƙararrawa sau ɗaya, yashi sau biyu, alhali babu kowa a bayansa. Tochukwu kan tambaye shi ko aljanu yake yi wa gargaɗi. Shi dai bai taɓa dainawa ba.

Abin da Lauwali ya fi so a duk tafiyar shi ne isa. Tun daga bakin gari yake sakin hannu ɗaya yana ɗaga hula. Batulu kuwa, mace mai jikoki, sai ta fito ƙofar gida da ludayi a hannu, ta riƙe ƙugu, ta yi ta ƙyaƙyata dariya har da hawaye, wai yayanta ya tsufa bai san ya tsufa ba. Wannan dariyar ake tako wa feda tun daga Bagudo, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗa.

A tafiyarsu ta ƙarshe, tun daga gadar Tuga Lauwali ya koma baya. Ba bayan Tochukwu ba, ba bayan Arzika ba, bayan Oluwole, har tayarsa ta gaba na neman sumbatar ta bayan keken Oluwole. Aka yi ta yi masa tsiya cewa amarya ta cinye masa ƙarfi, ya yi dariya ya ce haka ne. Oluwole har wani daɗi ya ji, yau ga mai amfana da ƙararrawarsa.

A Lolo asiri ya tonu. Ranar kasuwa ce, suka jingina kekuna a gindin tsamiya suka shiga cin soyayyen kifi. Lauwali ya riga su fitowa, Oluwole na biye da shi bai sani ba. Sai ya ga abokinsa ya tsaya gaban kekunan huɗu, da rana tsaka, yana shafa sirdi ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu har ya kai kan damin kifi. Nan Oluwole ya gane idon abokinsa ba lafiya. Da ya matsa masa, Lauwali bai yi musu ba. Ya ce hawan jinin ido ne, an duba shi a Birnin Kebbi, an ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Gefe da gefe duk ya rufe, saura ɗan tsakiya, kamar mai leƙe ta bakin tulu. A gida ma bai gaya wa kowa ba.

"Wole, kai dai ci gaba da bugun ƙararrawarka," in ji shi. "Tun Tuga ita nika bi. Ka ga na hwaɗi? Dariyar ga ta Batulu nika son in ƙara gani tun da sauran ido. In munka isa, hwaɗa ma kowa."

Oluwole ya juya ya dubi hanyar iyaka. Manyan motoci ne ke gurnani, da babura masu ɗauke da buhuna har ba a ganin direba, kowa na sauri kamar an koro shi. Nan take halin nasa ya motsa. Ya hango Lauwali ƙarƙashin mota, ya hango kansa tsaye gaban matan Lauwali yana bayanin cewa ya sani ya yi shiru. Tafiyar da ta rage ba ta taka kara ta karya ba, mutumin da ya bi ƙararrawa tun daga Tuga ba nan zai kasa ba. Amma mai tsoro ba ya auna nisa. Ya koma rumfar kifi ya gaya wa Arzika da Tochukwu.

Su ma hankalinsu ya tashi, suka taru a kansa da nasiha. Aka samo wata a-kori-kura mai zuwa Madekali, aka ɗora kekensa bisa buhunan albasa, aka zaunar da shi gaba kusa da direba. Lauwali bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da abin ya zo wa Oluwole da sauƙi. Ya dai cire hularsa ya ɗora a gwiwa, mota ta tashi.

Sai da su ukun suka isa da la'asar suka ji yadda aka yi. Arzika, saboda kirki, ya riga ya ja direba gefe ya ce ya kula da mutumin, ba ya gani sosai. Direba kuwa ya kula iyakar kulawa. Ya tsaya ƙofar gidan Batulu, ya zagayo ya riƙe hannun Lauwali ya sauko da shi, ya ɗaga murya ya ce a zo a karɓi makaho. Batulu ta fito da ludayinta kamar yadda ta saba. Ta ga keken yayanta kwance kan albasa, ta ga baƙo riƙe da hannunsa. Ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka, maƙwabta suka cika gidan da jaje. Har suka bar garin, duk sanda ta dube shi sai hawaye. Ba a je Kandi ba a shekarar. Kafin wata kakar ta zagayo, ɗan tsakiyar da ya rage ma ya rufe.

Daga nan yawon ya mutu, ba tare da wani ya ce a daina ba. Tochukwu ya sayi babur. Arzika sai an haɗu a wurin biki ko rasuwa. Keken Lauwali yana rataye a rumfar Oluwole, yana sa masa mai lokaci lokaci, yana hura tayoyin da ba inda za su. Kikelomo ta sha ce masa ya yi abin da kowane mai hankali zai yi, mutanen gari ma haka suke cewa. Wataƙila gaskiyarsu ne. Sai dai shi tun daga ranar bai ƙara samun sukuni a ransa ba, yana da-na-sani ƙwarai, kuma ba ya ɓoyewa.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne Lauwali bai yanke zumunci ba. Kusan kullum da hantsi yakan lallaɓo da sandarsa ya zauna kan bencin rumfar, su yi hirar gulbi da tsadar kifi. Maganar Lolo kuwa ba mai taɓa ta. Sai wata rana da Oluwole ke ɗaura sabuwar ƙararrawa a keken wata malamar makaranta, ya ga kan Lauwali ya juyo wajen ƙarar sukurun yana saurare. Ya kasa daurewa, ya tambaye shi ko har yanzu yana riƙe da shi a zuci.

Lauwali ya murza kan sandarsa.

"Ban riƙe ka ba, Wole. Hanya ta cika da motoci ran nan, gaskiyarka ta," ya ce. "Sai dai huskar Batulu da tar rage min cikin kai, mai kukan ta. Na yi na yi in tuno mai dariyar, ta ƙiya."

Malamar tana tsaye tana jira. Oluwole ya ƙarasa ɗaure sukurun, ya goge hannunsa da tsumma, ya miƙa mata kekenta ba tare da ya gwada ƙararrawar ba.