Yaron da ke korar akuya a bakin rijiya

Shekarun baya, bayan na gama lisansi a jami'a ina zaman jiran aiki a Magarya, na yi wata tafiya da har yau ban san ko daidai na yi ba.

Akwai wani tsohon fim na yara da tele ke yawan sakawa lokacin hutun bakansi muna ƙanana. An ɗauke shi a ƙauyen su mahaifiyata, can bayan Bande. Abin da ya dame ni tun ina yaro, da zarar an zo wurin rijiya, inda wani yaro ke korar akuya tana ja masa riga, sai mahaifiyata ta tashi ta shiga ɗaki. Kullum haka. Ni kuwa Allah ya yi ni da zargi. Na ce ko masu fim ɗin sun zalunci danginmu, ko akwai wani abin kunya da ake ɓoye mana. Tambayarta kuma ban iya ba.

Wani abokina ya kai ni a moto, wato babur. A hanya na roƙe shi kar ya faɗi ko ni ɗan wane ne, wai don mu ji gaskiya. Wannan dabarar ce ta kusa ja mana. Muna isa na ga rijiyar, da kukar da ke bayanta, na ciro waya na fara ɗauka, ko gidan maigari ban nufa ba. Nan take maza suka taso daga rumfa. Wani ya ce masu auna fili ne, wani ya ce a riƙe moton tukuna. Ni sai in ce bincike, in ce yawon buɗe ido, kowace amsa tana ƙara lalata ta baya.

Wata tsohuwa da ke jan ruwa ta ajiye guga, ta ƙura mini ido. Ashe ƙanwar kakata ce.

"Ku ƙyale shi, mijina ne. Angon banza, ka zo ba goro, sai hoton rijiya?"

Ta kai mu gida, ta dama mana fura. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na yi tambayar. Ta ce yaron nan mai akuya yayana ne, ɗan farin mahaifiyata, wanda ƙyanda ta ɗauke kafin a haife ni. Na san an yi shi, amma ba a taɓa nuna mini hotonsa ba, don babu.

"To ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa. Ta yaya za ta zauna gaban mutane tana kallonsa?"

Na tambaya ko ta tabbata shi ne. Abokina ya taka mini ƙafa.

Da na dawo na ce wa mahaifiyata na je ƙauye, kowa na gaishe ta. Ta ce madalla, ta ci gaba da tankaɗe. 

Yanzu in na ga dattijo ya yi shiru a kan wani abu, nakan ja zargina baya kaɗan. Fim ɗin yana cikin wayata. Nakan tsayar da shi daidai inda yaron ya waiwayo yana dariya. Hoton ba shi da kyau sosai, kuma ba zan rantse ba, amma ina jin kunnuwanmu iri ɗaya ne.