Daga Soro Zuwa Turken Awaki

Har in koma ga Allah ba zan manta da wata safiya a unguwar Bani Malik ba.

Lokacin unguwarmu bakin gari ce, bayan katangarmu sai fili da karnuka marasa iyayen gida. Da labari ya bazu cewa ɗaya ya haukace har ya ciji mutum, maigidana ya karɓo bindigar wansa. Daga ranar na zama baƙuwa a gidana. Ya goge ta, ya shafa mata mai, ya naɗe ta da sabon ƙyalle. Kullum ya idar da sallar asuba sai ya haye soro da ita. Juma'ar da ya yi alkawarin kai ni bakin teku ma a can suka cinye ta shi da Yaya, wan nasa, suna harbin gwangwani.

Na kai musu shayi na tarar suna musu. Yaya ya ce, "Saita ta kan bishiyar can mai nisa, tun karen bai iso ba ka gama da shi."

"A'a, Yaya. In na saita ta can, abin da ke kusa ta samansa harsashi zai wuce. Turken awaki nake so. Halas, magana ta ƙare."

Na dire tiren na ce, "To Allah ya bar ku tare, kai da ita da awakin."

Yaya ya yi dariya. "Amarya, ƙarfe kike kishi?"

Ƙarfen nake kishi kuwa, har gaisuwa na rage wa maigida.

Ran nan da sassafe ina tsugune ina tatsar akuya, sai awakin suka hau fizgar igiya. Na waiwaya. Karen na tsaye tsakanina da ƙofa, yawu na dalala, idonsa a kaina. Daga soro na ji muryar maigida a hankali: "Kada ki motsa." Ƙara ɗaya, karen ya kife, jininsa har cikin kwanon madarar.

Da kuka ya sake ni, na tambaye shi abin da ya sa ya ƙi bishiyar. Ya ce, "Wa ke zama gindin bishiya? Ke kuwa kowace safiya a turke kike."

Ashe duk hawan soron nan ni ake gadi, ina ƙasa ina tsaki. Tun ranar na koyi cewa kafin in ji haushin abin da ya ɗauke hankalin mutum, in fara duba inda ya saita shi.