Yaya Sale da Tafkin Ƙarshen Gona

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Sale makwancinsa a ƙauyenmu, tsakanin Malumfashi da Bakori. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara bakwai. Ni na yi boko na kama aikin koyarwa a Funtua, shi ya tsaya a gona. Har yau idan na sauka daga mota na hango kan itatuwan gonarmu, sai in ji kamar zan same shi a can, wando naɗe har gwiwa.

A ƙarshen gonar da mahaifinmu ya bar mana akwai tafki wanda ba ya ƙafewa sai can cikin bazara. Kanya da gawo sun zagaye shi, ciyawa ta rufe bakinsa. Da sanyi ya shigo, agwagin ruwa da wasu ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu sukan sauka, su yi wata biyu ko uku su wuce. Gab da damina kuma shamuwa ta zo ta yi sheƙa a kan gawo. Yaya bai san ƙasar da suke fitowa ba. Abin da ya sani, baƙi ne da suka sha tafiya, kuma wurinsa suka zaɓa su yada zango. Bai taɓa barin garma ta kusanci bakin ruwan ba, bai yarda a ƙone ciyawar ba, ranar feshi kuwa da kansa yake tsayawa ya ga ba a wanke tankin magani a ciki ba.

Ni ne na fi kowa ganin wautarsa. Shekarar da noman rani ya kankama a yankinmu, na zo masa da shawarar mu sare kanyoyin, mu kafa injin ban ruwa, mu shuka tumatir. Na daɗe ina bayani yana ta wasa laujensa. Da na gama ya ce, "Malam Isa, kai ka yi karatu. In mun zuƙe ruwan nan, su ina za su sauka?" Na ce tafkuna ai suna da yawa. Ya ce, "Haka kowa ya faɗa kafin ya sare nasa." Na tashi cikin fushi, na yi wata biyar ban taka ƙauyen ba. Shi ya biyo ni Funtua a kan babur da buhun masara, ya ci tuwo, ya yi wasa da jikokina, bai ko tayar da maganar ba.

Bayan rasuwarsa aka zo rabon gona. 'Ya'yansa sun yi iyali, abinci ba ya isa, suka ce, "Baffa, me ka gani?" Na ce a buɗe gefen tafkin na gabas. Da bakina na faɗa. Kanya uku suka faɗi, aka yi gawayi da su, aka kafa injin ban ruwa. Tumatir ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, amma tun kafin sanyi ya wuce tafkin ya koma taɓo. Shekarar da ta biyo baya agwagwar dinya ba ta sauka ba, kuma ba ta sake sauka ba.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da zai ga fadamun yau, inji a kowane baki, gona ta haɗe da gona. Ban jin zai zagi kowa, domin ya san yunwa, ya san nauyin gida. Ina jin zai tsaya ne ya yi shiru, irin shirun nan nasa da ya fi faɗa zafi. Wannan shirun nake kewa fiye da komai.

Shekara uku da suka wuce na ba 'ya'yansa kasona na tudu, na karɓi gefen tafkin. Mutane sun yi dariya, malami ya ba da ƙasar masara ya ɗauki laka. Na ɗauke injin, na bar ciyawa ta dawo, na dasa kanyar da na san ba zan zauna inuwarta ba.

Bana da na je gaisuwa, matarsa Yaya Hajara, wadda idonta ya yi rauni, ta ce da hantsi ta ji kukan agwagin kirinjijiya sun wuce ta saman gida. Ta ce, "Isa, je ka duba mini." Na je. Ba su da yawa, amma suna nan a bakin ruwa suna gyaran gashi. Na dawo na ce, "Sun sauka, Yaya." Ta share ido da bakin mayafi ta ce in zauna a kawo mini fura.

Yaya Sale bai bar gida a birni ba, bai bar suna a jikin wani gini ba. Ya bar ruwa ɗan kaɗan da matafiya ke sha su wuce, da ƙane wanda ya fahimce shi a makare. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya samu masauki mai sanyi.